Jinin Bishiyar Kaka

"Ajiye wuƙar nan!"

Na juyo a firgice, jan ƙaro yana bin yatsuna kamar na yanka kaza.

Kakar Tanuf ce tsaye, ta dogara sanda. Ko kallona ba ta yi ba, idonta na kan tsagar da na yi wa bishiyar.

"Kaka... kyauta zan kawo miki..."

"Kyauta? Ki sare ni, sannan ki miƙo mini jinina ki ce kyauta?"

Wallahi a lokacin na so ƙasa ta tsage in shige.

Ni Arwa, 'yar birnin Mukalla na bakin teku, ajina uku a jami'a. Ɗakinmu ɗaya da Nujum, kuma shekara biyu ke nan muna son juna da yayanta Tanuf. Da hutun hunturu ya zo, sai da Nujum ta yi wa Babana magiya har da hawayen ƙarya kafin ya bar ni in bi ta tsibirinsu, Sukutra, na kwana goma. Na zo in huta, na kuma zo Kaka ta gan ni. Ita ta raini Tanuf tun da teku ya ci mahaifinsa, idan ta ce a'a maganar aurenmu ta mutu.

Kwana biyar na farko a garin Ƙalansiya, a gaɓar teku, muka yi su, kuma ban taɓa sanin mutum yana iya mantawa da jarrabawa haka ba. Rairayi fari fat, ruwa garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a ciki. Mu ci gasasshen kifi da shinkafa, mu sha shayi, mu miƙe a inuwa har la'asar. Ni da nake taƙama 'yar bakin teku ce, sai ga ni baki buɗe ina ta subhanallahi, Nujum tana cewa in rufe kada ƙuda ya shiga.

Sai muka hau dutse wurin Kaka.

Nan kam bakina ma mutuwa ya yi. Bishiyoyin jini ne, masu jan ƙaro, iya ganin ido, kowace ta buɗe kanta kamar laima, gajimare yana ratsa su yana taɓa fuskata da sanyi. Ba ƙarar komai sai kukan awaki daga nesa. Na ji na zama 'yar mitsitsiya, na ji tsoron Allah, na ji daɗi, duk a lokaci guda.

A nan Muzna, 'yar baffan Tanuf, ta ja ni gefe tana murmushi.

"'Yar birni, in faɗa miki sirri? Duk wadda ke son shiga gidan nan, da hannunta take tsaga babbar bishiya ta kai wa Kaka ƙaro. Ungo wuƙa. Ki tsaga sosai fa, kada a ce ke raguwa ce."

Ni kuwa sarkin wayo, har da yi mata godiya.

Yanzu ga ni tsaye da jan hannu, ga Tanuf ya iso da gudu yana haki.

"Arwa! Me kika yi?"

"Tambaye ta!" in ji Kaka. "Kakan kakana a haka ya sami bishiyar nan. Bara muka ɗan kankare ta, muka ce sai ta huta shekara uku. Dubi yadda ta farke ta! Abin da nake gaya maka ke nan, 'yan ƙetare ɗauka kawai suka iya. Su ɗauki hoto, su ɗauki ƙaro, su ɗauke 'ya'yan mutane."

"Kaka, ba ta sani ba..."

"To ta je ta yi rashin saninta a garinsu. Muddin ina numfashi ba da yawuna ba!"

Ta karɓe wuƙar daga hannuna, ta juya ta wuce.

Na zauna a kan dutse ina kuka. Tanuf ya tsuguna nesa kaɗan.

"Hasken idona, wa ya ba ki wuƙar?"

"Hannuna ne ya yanka, Tanuf."

"Ki faɗa mini suna kawai!"

"In raba ka da danginka tun ban shigo ba? A'a."

Sai ya ce, "Gobe zan mayar da ku bakin teku. Ki ƙarasa hutunki cikin daɗi, masoyiya. Ni dai... ba zan iya tsallake maganarta ba."

"Na sani. Shi ya sa nake son ka."

Ina share hawaye sai na ga wata akuya ta miƙa wuya tana figar wani ɗan tsiro a tsakanin duwatsu. Tanuf ya zabura ya kore ta da tsawa.

"Mene ne?"

"'Yar bishiyar ce. Kin ga ƙarama ko ɗaya tun da kika hau? Awaki ba sa barin su. Sai an kewaye da katangar dutse, wa ke da wannan lokacin?"

Na kalli tsiron, bai wuce tsayin tafin hannuna ba. Na ɗaga kai na kalli uwayensa da suka rufe sama.

"Ba zan sauka gobe ba," na ce.

Kwana huɗu ina ɗaukar dutse ina kewaye tsiron. Ni da ko tulu ban taɓa ɗauka ba! Farcena ya kakkarye, tafina ya yi kanta, katangar ta rushe sau biyu. Tanuf ya zo zai taya ni na hana shi. Nujum tana kawo mini shayi tana tsiya.

"Mutane na can suna wanka a teku, ke kin zo hutu kin zama lebura!"

Muzna ma ta leƙo. "Sannu magina! A kira ki idan za mu gyara garke?"

Na ci gaba da jera duwatsuna. Gaskiya ban ma sa rai Kaka za ta huce ba. Kunya ce ta hana ni barin dutsen nan ban bar komai ba sai rauni.

Ranar ƙarshe da hantsi na ji ƙarar sanda a bayana. Kaka ce, Tanuf da Nujum suna biye da ita.

Ta zagaye katangar, ta zungure ta da sanda. Ba ta motsa ba.

"Karkatacciya ce," ta ce.

"Haka ne, Kaka."

"Kin san ba za ki sha inuwar 'yar bishiyar nan ba? Ko jikokinki ba za su sha ba."

"Na sani."

"To wahalar ta mece ce?"

"Wadda na yanka ma... wani ne ya tsare ta tana ƙarama, bai sha inuwarta ba."

Sai ta kamo hannayena ta juya su, ta ga yadda suka koma.

"Wuƙar nan ta gidan ɗana ce, uban Muzna, tun ranar na gane ta. Ina jira in ji kin kai ƙara, shiru. Muzna kuwa ta sha faɗa a wurina." Ta saki hannuna. "Amma fa har yanzu ke wawuya ce. A yaudare ki da rana tsaka!"

"Na yarda, Kaka."

Ta juya ga Tanuf. "Kai kuma ka tsaya kana ta wangale baki. Wannan Mukallar, ta ina ake zuwanta?"

"Jirgin sama ake shiga, Kaka... Baffa zai je neman auren ai, ba sai kin..."

"Baffanka ya san hannun nan? Ni zan je in gaya wa ubanta da bakina."

Nujum ta dafe ƙirji. "Kaka! Ke da shekara tamanin ƙafarki ba ta taɓa barin tsibirin nan ba?"

"To yanzu za ta bari," in ji ta. "Ku dai ku riƙe ni da kyau idan abin ya tashi."