Jan Kifi a Bayan Randa

"Tashi mana... don girman Allah ka tashi!"

Lantana ta durƙusa a bayan randa, ta rungume kwalbar da hannu biyu. Kifin na kwance a ƙasan ruwa, ya karkace. Jelarsa da ke buɗewa kamar jan gyale yau ta naɗe, launinta ya dishe.

Ta ƙwanƙwasa kwalbar da farce.

Ko motsi.

Yau Litinin. Gobe Hashimu zai zo cin kasuwar Talata Mafara, daga can ya biyo ya ji maganar ƙarshe daga bakin mahaifinta, Malam Gidaɗo. Sau uku yana aiko da kaya ana mayar masa: atamfa, sabulu, goro. Laifinsa ɗaya. Shi ne kukun wani Bature injiniya cikin waɗanda suka tare gulbi a Bakolori, ruwa ya haɗiye fadamar Malam Gidaɗo da kushewar iyayensa, aka kwaso su zuwa wannan tudu mai tsakuwa kusa da Maradun.

Da Baturen zai koma ƙasarsu ya ce a zubar da kifin da yake kiwo a kwalba. Hashimu ya ɗauke shi. Da aka mayar da Hashimu aiki Bakura, inda leburori ke kwana a rumfa, sai ya kawo mata kwalbar a bakin rijiya.

"Lanti, rabin raina, wanga dai ba a iya maido min shi, tunda ba a san da shi ba. Kifin ƙasar zafi ne, ba shi son sanyi. Ki riƙe min shi awa kin riƙe ni."

Ta riƙe shi kuwa. Kullum da safe takan sauya masa ruwa daga randar innarta, ruwan da ya fi kowane daɗi a gidan, wanda ake ba baƙo na girma. Ta yo masa tsutsar sauro daga tsohon kasko. Amma tun da sanyi ya sauko sati biyu da suka wuce, kullum sai ƙara lafewa yake.

"Ashe nan kike, amaryar kifi!"

Lantana ta zabura. Gimbiya ce, ɗiyar ƙanen mahaifinta, tsaye a bakin ƙofa tana taunar aya. Duk gidan an san idonta na kan Hashimu tun ranar da ya fara zuwa da kekensa.

"Gimbiya, ki rufa min asiri. Mutuwa zai yi."

"To ya mutu mana. Ko miya ɗaya ba ya yi."

"Ba ki gane ba..."

"Na gane sarai, 'yar'uwa." Ta tofar da ɓawon aya. "Ki kwantar da hankalinki."

Ta juya ta fita. Lantana ta saurari takunta. Ba ɗakinsu ta nufa ba, zaure ta nufa.



Lantana ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Ta ɓoye kwalbar cikin zane, ta fito da ita. Ina za ta kai ta? Gidan duka ɗaki uku ne da rumbu da babu kome ciki.

"Lantana!"

Muryar Malam Gidaɗo ta cika tsakar gida. Yana tsaye lulluɓe da bargo, Gimbiya na bayansa.

"Na rantse Bappa, asiri ne," in ji Gimbiya. "Ka taɓa ganin kifi ja awa jini? Tun da ya shigo gidan ga ba ta ci, ba ta barci. Magana take da shi!"

"Miƙo shi nan."

"Baba, don Allah..."

"Na ce miƙo shi!"

Ta miƙa. Ya karɓa ya ɗaga sama, ya nufi bakin katanga inda ake zubar da ruwan wanke-wanke.

"Ruwansu ya ci gonata, yanzu kifinsu ya shigo ɗakin matata. Yau zan raba ki da shi, da shi da mai shi."

Lantana ta zube ƙasa ta riƙe gefen bargonsa.

"Baba, ba asiri ba ne. Amana ce aka ba ni, kuma na kasa. Ka zubar... ai ya riga ya mutu."

A daidai lokacin kifin ya yunƙura. Da ƙyar ya taso saman ruwa, ya buɗe baki ya haɗiyi iska, ya sake nutsewa.

Hannun tsohon ya tsaya.

Ya kawo kwalbar kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallo. Shekara arba'in ya yi yana su a tafkunan fadama duk rani, kafin ruwa ya shafe su.

"Iska ya sha," ya faɗa a hankali. "Awa gaiwa."

Ya tsoma yatsa cikin kwalbar, ya janye da sauri.

"Wane ruwa kike ba shi?"

"Na randa, Baba. Mai kyawun."

"Na randa! Cikin wanga sanyi?" Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. "Ke, mi randa ke yi wa ruwa?"

Sai a lokacin Lantana ta gane. Sanyaya shi take yi. Sati biyu tana karrama shi da abin da ke kashe shi.

"Bappa, ai sai a zuba mai tafasasshe," Gimbiya ta sa baki. "Ga tukunya can bisa wuta."

"Ke kuma dahuwa kike so. Tafi ki taya innarki daka."

Gimbiya ta murguɗa baki ta wuce.

"Ɗauki guga," ya ce wa Lantana. "Ki jawo na ƙasan rijiya, ki kawo da gudu. Kada ki tsaya gaisuwa da kowa."

Ta ruga. Da gugan ya fito, wani siririn tururi na tashi daga ruwan. Ta tsoma hannu. Ɗumi! Kullum tana ɗiban ruwan nan da safe, kullum tana jin ɗuminsa, ba ta taɓa kawo kifin a ranta ba.

Ta iske mahaifinta zaune a rana, ya jingina da bango. Ya rage ruwan kwalbar, ya dinga ƙara na rijiya da ludayi, kaɗan-kaɗan, yana jira tsakani.

"In ka yi mai gaba ɗaya, ya tafi. Ɗauko min babbar ƙwarya da audugar da innarki ke kaɗi."

Ya shimfiɗa auduga cikin ƙwaryar, ya zaunar da kwalbar a tsakiya, ya cusa saura a kewaye, ya rufe da faifai ya bar kafar iska. Sa'an nan ya jawo ƙwaryar jikinsa, ya lulluɓe ta da gefen bargo.

Har azahar yana zaune da ƙwaryar a jikinsa. Ita kuwa ta kasa zama. Ta share tsakar gida sau biyu. Tuwo ya kama a hannunta. Ya ceci kifin, to mai kifin fa?

Washegari bayan la'asar ta ji ƙararrawar keke.

Ta laɓe a bayan zanan zaure.

Hashimu ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi sanyi, aka tambayi mutanen Bakura da gajiyar kasuwa. Sai Malam Gidaɗo ya ɗaga faifan.

Kifin na zagaya kwalba, jelarsa a buɗe, ja wur.

Hashimu ya sunkuyar da kai.

"Kai ka raba shi da ruwan ƙasarsu?"

"A'a, Baba. Cikin kwalba na iske shi."

"Amma ka dafa wa waɗanda suka nutsar da gonata abinci."

"Na dafa, Baba. Shekara huɗu. Da shi na ciyar da tsohuwata. Ban iya ce maka ban yi ba."

Lantana ta cije gefen gyalenta.

"Jiya na wuni ina kallon abin ga," in ji tsohon. "An ɗauko shi daga inda ya sani, an aje shi inda bai sani ba, an ce ya rayu. Na san irin wanga zama." Ya gyara audugar da yatsa. "Ranar da aka kwaso mu, ban ga wanda ya duƙa ya ɗauke mu ba. Kai an ce ka zubar, ka ɗauka. Na auna, na sake aunawa. Ban gama yafe ruwan ba, kuma ban ce zan gama ba. Amma ba kai ne ruwan ba."

Ya ɗaga murya.

"Ke mai laɓe, na ga ƙafarki. Shigo."

Ta shigo ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Lanti..." Hashimu ya faɗa can ƙasa, sai ya tuna inda yake ya yi shiru.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a," in ji Malam Gidaɗo.

Lantana ta rufe fuska. Cikin ruɗewa ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙwaryar, tsohon ya janye ta, ya mayar ƙarƙashin bargo.

"A'a. Ke na ba Hashimu. Wanga kuwa nan zai zauna wurina har sanyi ya wuce."