Darbejiya a Gonar Aro

"Wa ya ce ka dasa su?"

Maijidda ce ta tambaya. Ikrima ya ɗago daga tsugune da bokiti a hannu, yana murmushi. A gefen filin ƙwallon 'ya'yan darbejiya ne a jere, kowanne an kewaye shi da ƙaya.

"Don inuwa, sanyin idona. Rana na gasa samarin nan."

"Ikrima... gonar aro ce."

"To, sai me?"

A unguwar Rijiyar Zaki ta cikin birni ya girma, inda ake dasa itace a ɗauki hoto. Bai san a karkararmu, inda gona ke manne da gona, mai aro gero yake shukawa, ya girbe ya tafi ba. Wanda ya dasa itace kuwa cewa ya yi ƙasar tasa ce.

Gonar gadon Maijidda ce daga mahaifinta. Ita ta ara masa ya yi filin ƙwallo, lokacin da ya zo yana tara samarin da suka bar makaranta suka koma shan ƙwaya a bayan kasuwa. Dokarsa ɗaya: wanda ya sha ba zai taɓa ƙwallo ba. Wasu har sun koma aji. Gari ya yi ta yabo, tunda yabo ba ya cin gonar kowa.

Kafin la'asar Abdulkabir, ɗan baffanta mai awon hatsi a kasuwar Dawanau, ya kai labari gida. Ya daɗe yana son Maijidda, musamman ta gefen da ya yi iyaka da gonarsu.

Baffa Muhammadu Sani ya kira Ikrima zaure. Maijidda na laɓe a bayan ƙofa.

"Malam, ashe gona kake nema, ka biyo ta zance."

"Wallahi Baba ban san al'adar ba. Yanzu zan tumɓuke su."

"Niyyar fa, da me za ka tumɓuke ta? Zaɓi ɗaya. In 'yarmu kake so, kwashe ragarka, gobe a zuba taki, mu san ba ƙasa kake aure ba. In filin kake so, ci gaba da aro, amma kada in sake ganinka a ƙofar gidan nan."

Ta dafe ƙirji.



Ikrima ya gyara zama.

"Baba... in aka nome filin, bayan kasuwa za su koma."

"Amsarka ke nan?"

"A ba ni lokaci in yi tunani."

Ba ta yi kuka ba sai da ta kai ɗaki.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ta sa hijabi ta je gaban dagaci da liman.

"Gonata ce, gado ce. Na bayar da ita wakafi ga samarin garin nan. Ku shaida."

Baffa ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Abdulkabir kuwa a ranar ya warke daga soyayya, ba tare da magani ba.

Da yamma Ikrima ya zo yana haki.

"Maijiddata, kin cece mu! Yanzu ba mai cewa gona nake aure. Gobe zan turo magabatana."

"Kada ka wahalar da su."

"Ban gane ba..."

"Ina bayan ƙofa ranar."

Ya sunkuyar da kai.

"Rayuwar mutane ce, masoyiyata."

"Na sani. Da ni ka zaɓa, da ni da kaina zan nemo musu fili, ko zan bi gida-gida ina roƙo. Ban ce ka yi laifi ba. Mutumin kirki ne kai, shi ya sa na ba ka abin da ka zaɓa."

"Ina son ki, Maijidda."

"Na yarda. Amma ni ce ta biyu, kuma ban iya zaman benci ba."

Hawaye na zubo mata, ba ta share ba. Ta tsaya tana kallonsa, ko zai faɗi abin da zai sa ta fasa.

Daga filin aka busa usur. Bai yi niyya ba, amma sai da ya waiwaya.

Kafin ya juyo ta shige gida.