Ƙusoshin Katakon Zuberu

Ranar da rediyon Dramani kafinta ya fara magana, da yamma ne, rana ta yi ja a bayan kwanukan rufin Zongon Kumasi, mata na kwashe tuwo. Ya daɗe shi da amininsa Zuberu suna fama da abin nan. Zuberu mai gyaran wayar mota ne a unguwar Suame. Shi ya naɗa jar waya a jikin gora, ya liƙe da dalma, ya ja wata doguwa daga rufi zuwa mangwaron tsakar gida, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ce a riƙa ba shi ruwa kada wurin ya bushe. Akwatin kuwa aikin Dramani ne. Katakon ma Zuberun ne ya kawo kyauta, tsohon odum busasshe, wato itacen loko, da ƙusoshi masu tsatsa a jikinsa.

"Sai ka zare waɗannan tukuna," in ji Zuberu.

Dramani ya yi dariya. "Yau kuma ni za ka koya wa? Wane kafinta ne zai ɗora ƙarfensa a kan ƙusa, bakin ya mutu?" Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su da hama yadda ya saba, ya zuba a gwangwani. Kafinta ba ya yar da ƙusa.

To, ranar gwaji Zuberu bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi. Dramani ya murɗa, ya murɗa, can sai ga murya siririya tana karanta labarai da Hausa. Daɗi ya kama shi, ya sa wa 'yarsa Adizatu abin ji a kunne, ita ke nan gare shi a duniya. Ta yi ta murmushi. Daga nan murmushin ya ɗauke.

"Baba," ta ce a hankali, "mai labarin ya yi shiru. Wani ne yake numfashi."

Ladan bai rufe baki da kiran magariba ba, dutse ya faɗo a kan kwano. Aka saurara. Wani ya sake faɗowa.

Tun daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Duwatsu na sauka, ba mai jifa. Rumfar aiki tana kulle, amma ana jin zarto na cin katako a ciki. Dramani ya tsinke wayar mangwaro, ya tuge ƙarfen ƙasa, duk a banza. Adizatu ta daina ci, ta daina magana. Sai ta zauna gaban akwatin tana shafa shi, idonta a ƙafe. Uwarta Rakiatu ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Ina mutum zai kai damuwarsa in ba wurin amininsa ba? Tare suka shigo Kumasi a bayan mota ɗaya, kwano ɗaya suka ci a tashar Race Course. Dramani ya tarar da Zuberu a ƙofar gida, 'yarsa Mamuna kuwa tana daka fufu a ciki, garau. Yarinyar nan shekara guda tana faɗuwa tana sambatu, Dramani da kansa ya sha goyon ta zuwa wurin masu magani. Ya yi murna har cikin ransa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Zuberu ya ce, "Allah ya sawwaƙe," yana kallon ƙasa. Ko kujera bai ba shi ba.

Rakiatu ce ta nemo Alfa Musah daga unguwar Krofrom, wani tsohon malami mai ƙarancin magana. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka ɗora akwatin gaban yarinyar, ya fara karatu. Ya yi ta yi har inuwa ta cinye tsakar gida, kaji suka shige akurki. Sai Adizatu ta miƙe zaune, bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito, kamar ana jan benci a kan siminti.

"Ya isa, Alfa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ka zo nema a gidan da ba a yi maka laifi ba?"

"Ban zo ba. Kawo ni aka yi. Itacen nan gidana ne tun yana tsaye a daji. Aka sare shi, aka yi ƙofa da shi a gidan Zuberu, na zauna a kan 'yarsa. Wani mai magani ya kafe ni da ƙusoshi, ya ce masa ɗaurin ba zai wuce damina ba zan koma kan yarinyar, sai in wani ya zare su da hannunsa, da yardarsa. Wanda ya zare, shi ya karɓi baƙo."

Dramani ya katse shi. "Ƙarya ne," ya ce, amma muryarsa ba ta da ƙarfi.

Idon yarinyar ya juyo kansa. "Ina cikin katakon lokacin da ya gaya wa matarsa: 'Dramani zan kai wa. Ba ya iya ganin ƙusa a katako ya ƙyale.'"

Wallahi da an soka masa wuƙa da ya fi masa sauƙi. Ba baƙo ba ne ya cuce shi. Wanda ya san hannunsa ne, ya san halinsa, ya ɗauki sanin nan ya yi masa tarko da shi.

Alfa ya ce, "Za ka fita."

"Zan fita. A mayar da akwatin gidan Zuberu, in koma kan 'yarsa. Yau ɗin nan na bar taku."

Rakiatu ta kama gefen rigar mijinta. "Maigida, ka mayar masa. Kayansa ne."

Zuciyar Dramani ta so hakan, kada in ɓoye muku. Amma bayansa bai manta nauyin Mamuna ba. Ya ce, "Yarinyar ba ta ba ni katako ba. Alfa, tambaye shi wata hanyar."

Aka yi ta ja. Da ƙyar aljanin ya yarda: a wargaza akwatin, a kai kowane guntu daji a ajiye a gindin odum, ba ƙusa ko ɗaya a jiki, kuma wanda ya zare ƙusoshin, shi zai ɗauki guntayen a kansa. Alfa ya sa aljanin ya rantse. Adizatu ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta, can ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Washegari Dramani ya kwance aikin hannunsa, ya ɗaure guntayen, ya kai su bayan gari a ƙafa. A magaribar ranar kwano bai yi ƙara ba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya bi ta gidan Zuberu da ƙunshi a hannu. Zuberu ya miƙe tsaye.

"Ɗan'uwa, 'yata ce. Na rasa yadda zan yi."

"Da ka faɗa mini, da tare muka kai shi daji," in ji Dramani. Ya ajiye masa wayoyinsa da gorarsa, sannan ya kama hannunsa ya juye gwangwanin a tafinsa.

"Ga ƙusoshinka. Na miƙar maka da su."

Ya juya ya tafi, bai jira sallama ba.