Zane a Gilashin Gaba

Da hantsi, bayan ruwa ya tsagaita, aka tsinci gawar wani malamin makaranta a bakin kwalbati. Kekensa ya lanƙwashe, ga fasasshen gilashin fitila mai kauri warwatse a gefensa. Mota ɗaya ce a garin ke da irin wannan fitila: tsohuwar baƙar motar wani attajiri, wadda ta haura shekara hamsin.

Sufeto ya same ta a garejin gidan attajirin, fitilar dama a fashe. Kafin ya iso, maigidan ya riga ya damƙa tsohon makanikensa a hannun kofur, har an sa masa ankwa.

"Shi ke kula da ita," in ji maigidan. "Shekara talatin yana cin abincina, ga sakamakon."

Sufeto dai gilashin gaba yake kallo. Akwai sabon zane a gefen direba, ya tafi a lanƙwashe har ya ci robar bakin gilashin. Waifar share ruwa kuwa babu ko ɗaya a jikin motar.

"Ina waifofin?"

"Cirewa nake yi, na sa a akwatin can," in ji makaniken. "Rana na cinye robar, kuma an daina yin irinsu. Sai za a fita ake ɗaurawa."

"Kai ka fita da ita yau?"

"Ranka ya daɗe, ai ka ji abin da maigida ya ce."

"Ba shi na tambaya ba."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

Maigadi ya ce ruwa ya kora shi ɗaki, bai ga komai ba. Sufeto ya miƙa masa mabuɗin motar, maigadin ya rasa ma inda ake zura shi. Saura Auta, ɗan maigidan, wanda ya fito yana hamma.

"Ni da wannan akwalar? Ina da tawa, Yallaɓai."

"Tana ina?"

"Wajen gyara. Kwana uku ke nan."

Sufeto ya sa aka fita da Auta waje, aka kawo akwatin. "Baba, ɗaura mana."

Dattijon ya daɗe yana kallon waifofin. Sannan, da ankwar a hannunsa, ya kunna injinsu, ya kashe, ya jira ƙarafan suka tsaya inda suke kwanciya. Ya sa gajeriyar a gefen direba, doguwar a ɗaya gefen, ya ɗaure noti, ya watsa ruwa. Waifar ta share, ta tsaya saura yatsa biyu ta kai roba. Ba ta bi zanen ba.

Aka sake cirewa ba a gaban Auta ba, aka kira shi.

"Abba, wai ni ne zan..."

"Kai ne," in ji Sufeto.

Auta ya auna su da ido, ya sa doguwar a gefen direba. Da aka kunna, bakin ƙarfen ya bi zanen tun daga farkonsa, ya daki robar a daidai inda ta cinye.

"A motocin yanzu doguwar ce a gefen direba," in ji Sufeto. "A wannan, akasin haka ne. Wanda ya shekara talatin da ita ba zai manta ba. Ɓarawon waje kuma ba zai tsaya cire waifa ya mayar akwati ba, sai ɗan gida da ke son a ce motar ba ta fita ba. Kofur, kwance Baba."

Ankwar ta koma hannun Auta. Bai musa ba, ya ce dai ruwa ne ya rufe masa gilashi.

Maigidan ya juyo ga makaniken, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da ka ɗaura su a juye, me zai rage ka? Kai ka goya yaron nan."

"Na yi niyya, maigida. Hannun ne ya ƙi."

"To tattara sifanoninka. Kada azahar ta same ka a gidan nan."