Ranar da Zorana Ta Cire Masa Safa

Zorana na goge tebur sai ga surukarta Radojka ta nufi matakala da tire: ruwa a kofi, da cokalin slatko, 'ya'yan itacen da ake dafawa cikin sukari a tari baƙo da su.

"Mama, zaƙi kuma?"

"Shi ke kwantar masa da hankali. Ni na haife shi ko ke?"

Bayan aurensu ne Miladin, mijin Zorana, ya fara jin muryoyi. Maganin asibiti ya rufe bakinsu, amma ya buɗe masa ciki. Ya yi jiki, ga ƙishirwar da ba ta ƙarewa. Uwar ta ajiye shi a ɗakin sama, makulli a aljihunta, domin ƙanwarsa na da manemi, kada dangin saurayin su gani su janye.

Da rana Zorana ta samu ta shiga. Yana zaune bakin taga yana kallon gonar da ya daina zuwa.

"Zoki, tururuwa na yawo cikin ƙafata."

Ta durƙusa ta janye safar. Miki ne a ƙasan babban yatsa, ya yi baƙi, yana wari, shi kuwa ko zafi ba ya ji.

Ta sauko a guje. "Mama, mu kai shi asibiti."

"Jiya tururuwa, shekaranjiya rediyo ke zaginsa. Duk cikin kansa ne."

"Na gani da idona."

"To kin kusa komawa ɗakin sama ke ma. In kin gaji da ɗana, ga hanyar gidanku."

Iyayenta ma haka suka ce: dawo, kina da ƙuruciyarki. Ta yi kuka ta share, ba ta koma ba. Kullum tana wanke mikin, kullum yana ƙara ci.

Sai slava ta zo, ranar waliyyin gidan, wadda ba a korar duk wanda ya taka ƙofa. An kunna kyandir, an gutsura burodi, dangin saurayin sun cika tebur. Cikin baƙin har da likitar garin, wadda Zorana ta gayyato a kasuwa. Radojka ta miƙa mata slatko tana murmushin dole.

"Maigida fa?" in ji likitar.

"Ya yi tafiya."

"Yana sama," in ji Zorana. Ta miƙa wa surukarta hannu a gaban kowa, ba ta sauke ba har makullin ya faɗo cikinsa.

Ya sauko yana dafe da kafaɗarta, cike da kunya. Ta zaunar da shi a kan kujerar mahaifinsa, ta cire safar. Cokula suka tsaya.

Likitar ta duba. "Da alama ciwon sukari ne. Ku kawo mota yanzu."

An yanke yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Saurayin bai janye ba. Shi ya tuƙa motar. Yanzu Miladin na ɗingisawa zuwa gona da yamma, Radojka na binsa da ruwa zalla.

Wanda hankalinsa ya taɓu, jikinsa ma na ciwo kamar na kowa; in ya yi ƙorafi, a duba. Mu maƙwabtansu ne, gidanmu ne ke kallon nasu. Yayata Stana, wadda ita ma take jin muryoyi, ta rasu bara a ɗakinmu na sama tana cewa ƙirjinta na ciwo, ana cewa muryoyin ne. Har yanzu safarta na kan igiya, na kasa saukewa.