Wurin da Na Goge

Baba ya ɗaga littafina sama, ya saita shi da hasken taga, ya shiga buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya.

"Zo ki gani da idonki," in ji shi.

Ban motsa daga bakin ƙofa ba. Mama na gefen kujera ta rafka tagumi. Mai Kemis kuma, ɗan ƙanwar Baba da ya shekara biyu yana nemana ina ƙi, ya sunkuyar da kai sai ka rantse mutumin kirki ne. Littafin zanena ne a hannun Baba, wanda na kwana biyu ina nema a shago har na fara zagin kaina.

In ban da shafukan farko, kowane shafi hoton mutum ɗaya ne, mutumin da saura sati uku manyansa su zo neman aurena. A mafi yawansu kuma, a gefen hagu na wuyansa, takardar ta sirance har haske na ratsa ta. Wasu ma sun huje.

"Me kike gogewa a nan kullum?"

"Kuskure ne, Baba... hannuna bai ƙware ba."

"Kuskure ɗaya, a wuri ɗaya, har wata uku?"



Ni tela ce, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau a kan keke. Zane ne ya gagare ni. Mace za ta zo ta ce tana son wuya kaza, hannu kaza, in ɗauki biro in zana mata, ta kalli takardar, ta kalle ni, ta kwashi yadinta ta yi gaba. Ranar da wata ta tambaye ni ko riga na zana ko buhu, bayan shago na zagaya na sha kukana.

A nan mutumin da ke cikin littafin nan ya same ni. Shagonsa jikin namu yake, yana rubuta allunan shaguna, kowa Mai Fenti yake ce masa. Yana tsugune yana wanke buroshi a gwangwani, ya ji komai, amma ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi buhu ma ba kowa ke iya zana shi ba, in gode wa Allah. Na yi masa wani irin kallo, na koma ciki.

Washegari sai ga shi da littafi mai farin shafi da fensir guda.

"Minti goma kullum," ya ce. "Shafi ɗaya. Ki rubuta kwanan wata a ƙasa. Ba a yagewa, ba a gogewa."

"In ya yi muni fa?"

"Zai yi muni. Ki bar shi ya zauna da muninsa, gobe ki yi masa ƙane. Abin da idonki ya gani za ki zana, ba abin da kanki ya sani ba."

Da almakashi na fara, ya fito kamar kaza an banƙare ta. Na zana dutsen guga, na zana kofin shayina, na zana takalmin uwar ɗakina ba ta sani ba. Ran kwana na tara ƙiwa ta kama ni, na ce yau kam na huta. Ya zo ya tsaya a tagar shagonmu, ya ciro agogonsa ya riƙe, har sauran teloli suka fara dariya, dole na janyo littafin. Tun daga ranar ban sake tsallake rana ba, ko ina zazzaɓi.

Don tsokana nake ce masa Malam, shi kuma ya ce mini Ɗaliba. Ranar da ya ce, "Sai gobe, Ɗalibata," na ɗinka hannun rigar wata baiwar Allah a baibai, sai da na farke shi sau biyu.

Da na cika wata guda na ce masa kayan shago sun ƙare, ba abin da ban zana ba. Ya janyo babban gwangwanin fenti ya zauna a kai, ya ce to ga wani kayan. Daga nan kullum shi nake zanawa, da tsakar rana lokacin da kowa ya fita cin abinci. Minti goma ina kallonsa ba mai cewa na yi rashin kunya. A cikin mintocin nan na san kunnensa na dama ya fi na hagu fitowa, na san yana da tabo a gira, na kuma san ba ni da sauran amfani ga wani namiji in ba shi ba.

Da maganarmu ta kai gida, Mama ba ta so ba. Ta ce ga ɗan'uwa mai shago da fanka da kujera, na tsallake shi na ɗauko mai warin fenti, hannu kullum kala bakwai. Zanen ma cewa take aikin banza ne, ɓata takarda. Baba ne ya bincika, ya ji ba a faɗin mutumin da sharri, ya ce ya turo.

Ran kwana na arba'in da ɗaya abin ya fara.

Tela wuya take fara kallo a jikin mutum, haka aikin ya koya mana. Ranar ina bin layin wuyansa daga kunne zuwa kafaɗa, sai fensirina ya ɗan hau wani tudu a ƙasan muƙamuƙi. Bai fi maɓallin riga ba. Na kalle shi, na kalli takardar, na ga daidai na yi. Har daɗi na ji, hannuna ya fara kama ƙananan abubuwa.

Ya karɓi littafin ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu, ya ciro magogi.

"Inuwa ce ta ruɗe ki. Goge nan."

"Malam, kai fa ka ce ba a gogewa."

"Ni na kafa dokar, yau na ɗage miki ita."

Na goge.

Washegari hannuna ya sake zana shi, na sake gogewa. A rana ta uku ya bar mini magogin gaba ɗaya. Sai ya zama cikin aikina: in zana, in ga tudun ya fito, in goge tun kafin in miƙa masa, shi kuma ya yaba mini. Ya fara ɓalla maɓallin rigarsa har maƙogwaro cikin zafin nan. Muryarsa ta dishe, ya ce warin fenti ne. Kwalar rigar ta riƙa turowa ta gefe ɗaya, ni da nake gane karkatacciyar kwala daga tsallaken titi, na miƙar da ita a takarda na ce guga ce ba ta kama ba.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na sani. Wani wuri a cikina ya sani tun ranar farko. Amma ina son sa, ga maganar aure ta taso, kuma ya fi mini sauƙi in yarda hannuna ne bai iya ba.

To ga ni yanzu a falon Baba, littafin a buɗe, haske na ratsa duk wurin da na goge.

Mai Kemis ya gyara murya. Ya ce shi ba don komai ya ɗauko littafin ba, don ni ya yi. Ya ce wata huɗu ke nan Mai Fenti yana zuwa wurinsa karɓar maganin kashe ciwo, da farko sati-sati, yanzu kullum, har ya taɓa nuna masa ƙarin da ke wuyan ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Ya ce ba zai zuba ido a haɗa 'yar'uwarsa da jinya ba.



"Wata huɗu," na ce. "Ka gani da idonka, ka san aikin magani. Ka ce masa ya je asibiti?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ko jira kake yi ranar ta matso?"

Baba ya juya ya kalli ɗan ƙanwarsa, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Amma da ya waiwayo gare ni, cewa ya yi babu sauran maganar aure sai likita ya yi magana. Mama ta ce ko likita ya yi magana ita ba ta haifi 'ya don ta tsufa a bakin gadon asibiti ba. Na ɗauki littafina daga kan tebur na fita, tana kirana ban juyo ba.

Na same shi a shago yana rubuta wani allo, harafi ja a kan fari. Ya ɗago yana murmushi, ya ga fuskata, murmushin ya tafi.

"Buɗe maɓallin," na ce.

"Ɗalibata..."

"Buɗe."

Ya ajiye buroshin ya buɗe. Abin ya kai ƙwan kaza, fatar wurin ta yi sheƙi. Na zauna a kan gwangwanin da yake zama.

Ya ce mahaifinsa da irinsa ya rasu. Yana shekara goma sha uku ya ga an kai mahaifin asibiti da ƙafarsa, ba a dawo da shi da ita ba. Ya ce kullum yana cewa gobe zai je, gobe ta yi ya ji tsoro, kuma ya san da zarar Babana ya ji, maganar aurenmu ta ƙare.

"Na so in zama mijinki ko na wata ɗaya ne, kafin in zama majinyaci."

"Ka koya mini in yarda da idona," na ce, "sannan ka sa na ƙaryata shi wata uku. Da hannuna ka sa na yi!"

Bai kare kansa ba, kuka kawai yake yi ba sauti. Na ciro magogin daga jakata, ya cinye saura ɗan guntu, na jefa shi cikin jan fentin ya nutse. Na ce masa gobe da safe zan zo, ko ya bi ni da ƙafarsa ko in tara masa jama'a.

Likitar mace ce, mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta taɓa wurin a hankali, ta tambaye shi tun yaushe ya fara ganinsa.

"Bai fi sati uku ba," in ji shi.

Ya kallo ni, idonsa na roƙona. Na san abin da yake so, kuma da jiya ne da na ba shi. Na ɗora littafin a kan teburinta, na buɗe shafi na arba'in da ɗaya, na nuna mata kwanan watan da ke ƙasa.

Ta tashi ta je bakin taga, ta ɗaga shi yadda Baba ya yi. Shafi bayan shafi, hasken da ke ratsa takardar yana faɗaɗa, daga maɓalli har ya kai abin da ta taɓa da hannunta. Ta rufe littafin ta tambayi wanda ya zana. Na ce ni ce.

"Idonki yana da kyau," ta ce.

Ba a taɓa gaya mini magana mai ciwo irin wannan ba.

Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya gangara ƙirji. Ni ban tambaya ba, shi ya tambaya, ko da ya zo a wancan kwanan watan da yaya za a yi. Likitar ta cire gilashinta ta goge, ta ce da suna da abin yi da yawa.

Sati goma sha ɗaya ya yi a kwance. Kullum da tsakar rana ina wurin da fensirina. Mama ta daina yi mini magana. Mai Kemis ya aiko a ba ni haƙuri, na ce a gaya masa ya riƙe abinsa. Baba bai ce in je ba, bai kuma hana ni ba, wata rana ma shi ya kai ni har ƙofar ɗakin, ya shiga ya riƙe hannun Mai Fenti ya daɗe.

Na zana komai. Na zana robar da aka sa masa a hanci, da ƙasusuwan da suka fito, da ƙarin, duk girmansa. Da muryarsa ta tafi gaba ɗaya, sai ya koma yi mini gyara a rubuce a gefen shafi, da haruffan nan nasa masu kyau na kan allo: kunnen ya yi ƙasa, ki rage danna fensir. Har a gadon nan bai daina malanta ba.

A shafin ƙarshe ya daɗe yana kallo. Ya karɓi fensirin ya rubuta: Daidai. Ya huta, ya ƙara a ƙasa: Ki yafe mini, Ɗalibata.

Na ce na yafe, amma gobe ya gyara zama, yana motsi da yawa. Ya yi murmushi.

Washegari na zo da fensir na fiƙe shi tsaf, na tarar an naɗe katifar.

Wata guda ban taɓa littafin ba. Ban je shago ba, don ba zan iya wuce ƙofarsa a rufe ba. Ina kwance a ɗaki wata rana da tsaka sai Mama ta shigo, ita da ta ce zane ɓata takarda ne, riƙe da sabon littafi da fensir. Ta ajiye su a kan cinyata, ta janyo 'yar kujera ta zauna a gabana, ta gyara ɗankwali. Idonta ya yi ja.

"Minti goma kika ce yana ba ki?"

Na gyaɗa kai.

"To ga ni. Ki zana abin da kika gani, kada ki rage mini komai."

Na rubuta kwanan wata a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan takardar. Na daɗe ina kallon wuyanta, hagu da dama, kafin na sa fensir. Ba komai a wurin sai tsufa.

Har yau duk wanda ya zauna a gabana, da wuyansa nake farawa.