Giredar da Ba Ta Juya Ba

Ruwan bai jima ba. Ya sauko da ƙarfi bayan azahar, ya ɗauke kafin la'asar, amma ya bar katangar tsohon tela kwance a kan mai ita. Lokacin da Sufeto ta iso da motar ofis, maƙwabta sun riga sun zaro shi, sun lulluɓe shi da wani yadin da bai gama ɗinkawa ba. Keken ɗinkinsa na gefe cikin laka, ƙafafu a sama.

"Ruwa ne," in ji wani dattijo. "Kwana ya ƙare."

Sufeto ba ta musa ba. Sai dai a layin nan aka haife ta, kuma tun tana yawo ba takalmi ba ta taɓa ganin ruwa ya kwanta a ɓangaren tela ba. Ta tsaya a tsakiyar sabuwar hanyar da kamfani ke gyarawa, jar ƙasa ce an baje an daddanne, ba a kai ga zuba kwalta ba. Duk ruwan ya gangara gefe guda ya taru a gindin katangar da ta faɗi. Ɗaya gefen kuwa, na gabas, inda gidan mahaifiyarta yake, ƙofar ta kusa bushewa.

Ta san wanda ke tuƙa giredar da ta baje hanyar. Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Oga ya kira ta a waya. "Unguwarku ce, kin fi kowa sanin mutanen. Ki riƙe binciken."

"To, yallaɓai," ta ce. Sauran maganar ta haɗiye ta.

Washegari da safe ta je yadin kamfanin, inda ake ajiye injuna. Injiniyan aikin mutum ne da ba ya cire farar hularsa ko a cikin ofis, kuma in dai an taɓo zancen giredar nan, to a nemi wurin zama. Ya kai ta gaban injin, ya nuna mata doguwar wuƙar da ke ƙarƙashin cikinsa.

"Da can direba ne ke saita ta da ido da hannu. Yanzu na'ura ce. Wannan tana kula da tsayin wuƙar, wannan ɗan akwatin da aka ɗaure da noti kuma shi ke auna karkatarta. Mu sa mata lamba, ita ta riƙe. Direba tuƙi kawai yake yi."

"Ina kuka ce ruwan ya bi?"

"Gabas. Can za a haƙa magudana."

"An haƙa?"

Ya sosa ƙeya. "Masu wannan aikin ba su fara ba tukuna."

"Amma ruwan yamma ya bi."

"Na auna da kaina da sassafe. Hanyar ta karkata yamma daga farkon layin har ƙarshensa, sumul, kamar haka aka tsara."

"Ko kai ka sa lambar a juye?"

Nan fa ya cire hular. Ya hau ya kunna allon da ke gaban kujerar direba, lambar na nan daidai da ta zanen aikin. Ya ce kullum yana leƙawa ya gan ta da idonsa, kuma da direba zai kashe na'urar ya koma aiki da hannu, nan take ofis zai sani. Ba a taɓa kashe ta ba. Sufeto ta duba zanen, ta duba allon, ta cire injiniya daga ranta.

"To idan lamba daidai ce, wuƙa kuma ta karkace, wa ya yi ƙarya?"

Injiniya ya ƙura wa ɗan akwatin ido. Ya sa aka kawo sifana ya kwance shi. A ƙarƙashin gefe guda, tsakanin akwatin da ƙarfen da yake zaune a kai, ga washa biyu an cusa, irin siraran faifan ƙarfen da ake sa wa noti.

"An ɗaga masa ƙafa ɗaya," ya ce a hankali. "Shi yana ganin wuƙa ta gangara gabas, alhali yamma ta gangara. Wannan ba kuskure ba ne, ranki ya daɗe. Hannun mutum ne."

"Wa ke taɓa akwatin nan?"

"Bakanike. A makon jiya ma ya duba shi."

Aka kira direba don cika ƙa'ida. Yaya ya zo yana goge hannu da tsumma, ya gaishe ta kamar bai taɓa goya ta ba.

"Ka lura da wani abu a wuƙar?"

"Ni allo nake bi, ranki ya daɗe. Abin da ya ce shi nake yi."

"Shi ke nan, je ka."

Tambaya ɗaya tak. Sufeton da aka sani da tatse mutum har sai ya faɗi abin da ya ci jiya, yau ta sallami direban injin da ya kashe mutum da tambaya ɗaya. Kurtun da ke tare da ita ya ɗan kalle ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

A akwatin kayan aikin bakanike aka sami washa irin waɗancan, cike da gwangwani. Ta sa aka tafi da shi. Abin da ta ji a lokacin sauƙi ne, kamar an sauke mata kaya, kuma kafin motar ta fita daga yadin sauƙin ya koma kunya.

"Kai ka kwance akwatin a makon jiya?" ta tambaye shi a ofis.

"Ni ne. Na goge shi na mayar."

"Washan naka ne?"

"Za su iya zama nawa. Gwangwanin a buɗe yake, kowa ɗiba yake yi, har masu gadi suna gyaran keke da su."

"Kana da wata matsala da tela?"

"Wallahi ban san kamanninsa ba, Hajiya. Ni ko layin ban taɓa takawa ba. Me zan samu in ruwa ya bi gabas ko yamma?"

Da ta fito, matarsa na zaune a bencin ƙofa da goyo, ta zame ƙasa ta durƙusa tana cewa a taimaka. Sufeto ta wuce ta da sauri, kai ka ce ita ake nema.

Tambayar bakanike ta bi ta har cikin mota. Wa zai samu in ruwa ya bar gabas? Ta san amsar, ta kuma san inda amsar ta samo asali. A daminar bara ta zo ta tarar da Inna tsaye cikin ruwa har idon sawu, katifa a kan tebur, tsohuwa na kwarfa da kwano tana tari. Ranar ta wanke Yaya tas a gaban matarsa. Ta ce masa, kai da kake gyara wa duniya hanya, uwarka ce za ta mutu a cikin ruwa? Ya sunkuyar da kai. Ita har ta manta da maganar, irin mantuwar wanda ya faɗa ba wanda aka faɗa wa ba.

Amma zargi ba hujja ba ne, kuma a ƙasan zuciyarta tana fatan kada hujjar ta samu. Washegari ta koma layin, ta shiga shagon wata mata mai sayar da sabulu da ashana, wadda bakinta bai san hutu ba.

"Kin ga wani ya taɓa injin nan?"

"Ni ina na ga ta kallon inji? Kunnena dai ya sha wahala. Tit, tit, tit, tun safe har yamma. Har a barci nake jin abin."

"Wane tit tit?"

"Kukan da yake yi in yana ja da baya mana. A can layin sama da suka yi aiki ba haka yake ba, ya je ya juyo, ya je ya juyo, lafiya lau. Da ya iso namu sai ya ƙi juyawa. Ya tafi ƙarshe, ya dawo da baya yana mana kuka, ya sake tafiya. Na ce masa, bawan Allah, wuyan motar ne ya sage? Ko dariya bai yi ba."

Sufeto ta sayi ashanar da ba ta buƙata, ta fita.

Ta koma yadin ta ce wa injiniya ya mayar da washan yadda ya same su. Aka samo wani direban daban, ta ce ya baje mata fili a bayan yadi kamar yadda aka saba, ya je ya juyo. Injin ya tafi, ya juya, ya dawo ta gefen inda ya bi. Ba sai an auna ba. Tafiyar ta gangara ta nan, dawowar ta gangara ta can, tsakiya ta lotsa kamar kwatami.

Injiniya ya buɗe baki. Ita ta riga shi.

"Wajen hagun direba washan suke karkatar da wuƙa. In ya juya, hagunsa ya koma ɗaya gefen."

"Haka ne."

"A saki bakanike," ta ce wa kurtu.

Daga nan ta kira Oga ta faɗa masa abin da ya kamata ta faɗa tun ranar farko. Ya ce za su yi wannan maganar a ofis, kuma ba mai daɗi ba ce. Ya ce zai turo wani ya yi kamun. Ta roƙe shi ya bar ta ta kawo shi da kanta.

Ta same shi da yamma a ƙofar gidan Inna, zaune a kan benci, ya zuba wa ɓaraguzan katangar da ke tsallaken hanya ido. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ta zauna a gefensa.

"Yaya."

"Na'am."

"Me ya hana ka juya gireda a layin nan?"

Bai kalle ta ba.

"Da bakanike ne ya sa washan kai ba ka sani ba, da ka yi aikinka yadda ka saba, ka je ka juyo. Da hanyar ta fito rabi nan rabi can, injiniya ya gani tun ranar. Amma ta fito sumul, gefe ɗaya. Wanda ya san washan na nan ne kawai zai san kada ya juya."

Ya daɗe yana murza tafin hannunsa.

"Na ga hadari na haɗuwa kullum, magudana ko fara ta ba a yi ba," ya ce. "Yadda suka tsara, duk ruwan layin nan ɗakin Inna zai shiga, ya fi na bara. Na yi wa injiniya magana, ya ce ba aikinmu ba ne. Na ce bari in kautar da shi na ɗan lokaci, ya bi ta lungun tela ya faɗa filin baya. In an haƙa magudana in cire washan in sake baje hanyar, ba wanda ya sani." Ya dubi ɓaraguzan. "Ban duba gindin katangarsa ba. Wallahi ban duba ba."

"Ka bari na rufe bakanike."

"Na zo ƙofar ofishinku jiya. Na ga matarsa a benci. Ƙafata ta ƙi shiga."

Ta so ta yi masa faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Da wane baki? Ita ma ta wuce matar nan.

"Maganata ce ta bara," ta ce. "Ni na tura ka."

"Ke magana kika yi. Ni na riƙe sifana." Sai yanzu ya juyo ya dube ta. "Kada ki sa kanki a ciki, ƙanwata. Wani ya rage wa Inna."

"Na riga na faɗa wa Oga komai."

Ya girgiza kai, irin girgizar da yake mata tun tana ƙarama in ta yi taurin kai. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya miƙo mata hannayensa biyu a haɗe. Ta ture su ƙasa da sauri, domin ta ji takun Inna a zaure.

Tsohuwar ta fito da mayafi, za ta tsallaka gidan tela wajen iyalinsa, inda take wuni tun da abin ya faru. Ta dube su ta yi murmushi.

"Yau kuma 'ya'yan nawa biyu a wuri ɗaya? Ina zuwa?"

"Ofis za mu je, Inna. Yaya zai raka ni."

"To. Ni kam ko barci ba na iyawa. Mutumin nan tun kafin a haife ku muke gaisawa ta kan hanyar nan." Ta gyara mayafinta. "An ce wai ba ruwa ba ne kawai, da hannun mutum. Kin gano shi?"

"Na gano shi, Inna."

"Alhamdu lillahi. To ki ji ni da kyau, ko ɗan waye, kada ki sassauta masa. Marayu ya bari a gidan can."

Yaya ne ya amsa.

"Ba za ta sassauta ba, Inna."

Ya riƙe hannun tsohuwar ya tsallakar da ita hanyar a hankali har ƙofar gidan makokin. Sannan ya dawo, ya buɗe ƙofar baya ta motar 'yan sanda da kansa, ya shiga ya zauna.